Zanzibar ko Yankari? Masu yawon duniya ku zo ku raba mu gardama

Maman Hanifa: Salam jama'ar gida, barkanmu da hantsi. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka saba fita. Adashinmu na ofis ni ce da kwasa ƙarshen watan nan, kuma mun yi magana da Baban Hanifa bana dai sai mun kai yaran wani waje a hutun Disamba, kullum daga tafkin Jabi sai shagunan sayayya, sun gaji mu ma mun gaji. Ni teku nake so in gani, tunda nake ban taɓa tsayawa bakin teku ba sai dai a waya, shi kuma wai namun daji yake so yaran su gani da idonsu. Wata a ofishinmu ta ce mu je Zanzibar duk za mu samu biyun. Da gaske ne? Kuma ya maganar biza?

Auta: Anti ki saka ni a jaka don Allah, ko rainon yara ne zan yi 😂

Injiniya: Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Wadda ta gaya miki haka rabin magana ta faɗa. Zanzibar tsibiri ne na ƙasar Tanzaniya cikin tekun Indiya, ba zaki ba giwa ba raƙumin dawa, abin da za ku gani na dabba birai ne masu jan baya a dajin Jozani, sai manya manyan kunkuru a wani ɗan tsibiri da ake ce wa Changuu. In namun daji ake so sai an sake hawa ƙaramin jirgi an tsallaka cikin Tanzaniya, ko Mikumi ko Nyerere wanda da ake kira Selous, su ne na kusa kusa, Serengeti da Ngorongoro kuwa can arewa suke sai ta wajen Arusha, kuma wannan tsallakawar kuɗinta daban ne ba ya cikin na otal. Amma in teku ne kam ba a magana, ruwan wani irin shuɗi ne mai haske kana tsaye ciki har gwiwa kana ƙirga yatsun ƙafarka.

Biza kuma ki saurara da kyau. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, muna cikin ƙasashen da sai an nema ta intanet an jira amincewa daga can, kuma tana iya ɗaukar makonni. Kar ki sayi tikitin da ba a canza masa rana kafin ta fito. Sannan tun Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, dala 44 ce, ko kina da wata inshorar sai kin sayi tasu. Katin rigakafin shawara ma a tafi da shi, na kowa da kowa har yara.

Kawu: Ikon Allah. Yanzu mutum ya tara kuɗinsa wata da watanni ya kwashe ya kai wa ruwan gishiri? Ɗiyata in dai kuɗin sun kai na jirgi ai gara ku ƙara ku tafi Umra, ga lada ga kallo. Mu da muka tashi a Jos wane buɗe ido ne ba mu da shi, ga duwatsun Shere ga Assop ga Kurra ga dutsen Riyom da mutane ke tasowa daga wata uwa duniya su zo ɗaukar hoto, sanyin ma da Turawa ke nema kyauta Allah ya ba mu.

Maman Hanifa: Kawu Allah ya ƙara girma, Umra na nan cikin niyya in sha Allah. Amma Shere ai tun muna firamare ake kai mu, har na haddace duwatsun 😅

Malam: Kawu ranka ya daɗe, Umra ta fi kam ba musu, amma fita ganin halittar Ubangiji ba laifi ba ne muddin an kiyaye sallah da sutura kuma ba bashi aka ci ba. Ga sauƙin kasaru ma ga matafiyi. Zanzibar ɗin ma garin Musulmi ne, kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, masallaci ko'ina nama kuma ba fargaba. Sai dai yawancinsu Shafi'awa ne, za ku ji liman na bayyana bisimilla, da asuba kuma su yi alƙunut bayan ruku'u a bayyane da ɗaga hannu, kar wani ya zaci liman mantuwa ya yi ya fara masa subhanallah.

Ɗan Anguwan Rogo: Ni fa abin da ke ba ni haushi da mu kenan, da an ce namun daji sai hankali ya tafi Kenya da Tanzaniya alhali Yankari na nan a bayan gidanmu. Daga Jos zuwa Bauchi awa biyu ne da ɗan wani abu ta Tilden Fulani da Nabordo, ka tsaya ka ci masar Bauchi, ka ɗau hanyar Gombe, a Dindima ka karya dama har Mainamaji inda ƙofar take, daga ƙofa zuwa masaukin Wikki kuma tafiyar kilomita arba'in da ɗoriya ce cikin daji, tun a nan ma in da rabo za ka fara cin karo da dabbobi. Dajin nan faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, tun 1956 aka keɓe shi aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991 sannan a 2006 aka mayar wa jihar Bauchi. Akwai giwaye, akwai ɓauna, gwanki, gwambaza, mazo, dorina da kada a kogin Gaji, gadu kuwa har gaban ɗakinka za su zo suna kiwo a durƙushe kan gwiwoyinsu na gaba.

Ga kuma Wikki. Yaya Maman Hanifa ruwa ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana rani da damina ba ya canzawa, garai garai kana ganin farin yashin ƙasa, itatuwa sun yi masa rumfa, ka shiga da asubar hunturu tururi na tashi a kansa wallahi ba za ka so fita ba. Ba biza ba dala ba inshora, da Hausarka za ka yi ciniki. A da kafin 2023 dala na ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, duk wanda zai yi lissafin fita waje ya fara da wannan tukun.

Amaryar Kubwa: Yaya ka faɗi daɗin ka bar sauran. Mu da muka je bayan biki mun shiga motar zagaya daji mun sha jijjiga mun sha ƙura, giwa ko ɗaya ba mu gani ba sai kashinta da sawunta, mai rakiyar yana ta nuna mana wai nan suka wuce jiya. To ni jiya na zo gani? Zaki kuwa ko labarinsa. Abin da na gani har na ƙoshi gwaggon biri ne. Na fito da leda da biredi da ayaba zan kai mota wani ƙato ya taho gadan gadan ko tsoro babu, ya fizge ledar ya koma gefe ya zauna ya ɓare ayabar yana kallona, angon da nake taƙama da shi kafin in juyo har ya kai bakin ƙofa.

Auta: 😂😂 Allah sarki ango, ai rai ya fi ayaba

Ɗan Anguwan Rogo: Amarya a wane wata kuka je?

Amaryar Kubwa: Satumba

Ɗan Anguwan Rogo: To kin gani. Satumba ciyawa ta fi mota tsawo, ruwa ko'ina a daji, me zai kawo giwa bakin hanya? Lokacin Yankari rani ne, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, an fi dacewa ma a Fabrairu da Maris lokacin da ciyawa ta bushe tafkuna suka ƙafe dole kowace dabba ta gangaro kogin Gaji shan ruwa. Kuma a fita da sassafe ko da yamma liƙis, ba a yi barci sai goma a karya a ce a kai mu ganin giwa ba, da rana tsaka suna cikin inuwa. Giwayen ma ba su da yawa, ƙiyasin masu kula da su ɗari ne da wani abu a duk faɗin dajin, amma duk da haka suna cikin mafi yawan da suka rage a ƙasar nan. Daji ba gidan zu ba ne da za a ɗaure miki dabba ta jira ki. Birai kuma gaskiyarki ne, a kulle ƙofa da taga, kar a riƙe abinci a hannu a fili, kar yaro ya tsokane su.

Dakta: Ina tare da kai kan Wikki, amma mu gaya wa kanmu gaskiya, wanda ya ga gandun dajin Masai Mara na Kenya ba zai haɗa ba. Bambancin ba yawan dabbobi kaɗai ba ne, yanayin ƙasar ne. Yankari daji ne mai itatuwa, dabba na nesa da kai kaɗan ba ka ganinta. Mara fili ne fetal sai gajeriyar ciyawa iya ganinka, motar a buɗe take ta sama kana tsaye kana hango jakin dawa da raƙumin dawa da barewa garke garke, direbobi na magana da juna ta rediyo da ɗaya ya ga zaki ko damisa sai sauran su nufo wajen. Mun tarar da zakanya uku kwance gindin wata ƴar bishiya ciki ya ɗauka, ƙudaje na bin bakinsu, mota ta matsa kusa har kana jin numfashinsu ko ɗaga kai ba su yi ba. Daga Yuli zuwa Oktoba kuma lokacin ƙaura ne, wasu dabbobi masu kama da siririyar ɓauna da gemu, sun haura miliyan, suke tasowa daga Serengeti su tsallaka kogin Mara kadoji na jiransu a ruwa. Sai dai fa kuɗin shiga kaɗai a rabin shekara na biyu dala 200 ne kowane babba kowace rana ga baƙon waje, ban da mota ban da masauki. Ki ninka da yawanku ki ga ko adashin zai ɗauka.

Kawu: Dala ɗari biyu don ka kalli zaki yana barci. Allah ya shirye ku. Na Jos ma da ya ƙwace daga keji a 2015 ai kyauta ya so ya nuna kansa gari ya ruɗe.

Dakta: Kawu ai ba ka ji na Ruwanda ba, takardar izinin ganin goggon birin dutse wato gorila dala 1,500 ce mutum ɗaya, kuma awa ɗaya tak za ka yi da su bayan ka sha hawan dutse. Amma Maman Hanifa in da gaske biyun kuke so a tafiya ɗaya ni Kenya zan ce ba Zanzibar ba. A gefen birnin Nairobi akwai gandun daji tun 1946, kana kallon raƙumin dawa da karkanda ga dogayen benaye a bayansu, rabin yini ya isa, giwa ce kawai babu. Washegari ku hau jirgin ƙasan da aka buɗe a 2017 zuwa Mombasa, awa biyar zuwa shida, yana ratsa dajin Tsavo in an zauna jikin taga ana hango giwaye jajaye saboda jar ƙasar da suke wanka da ita. Mombasa kuma ga teku ga Musulmi ga tsohuwar ganuwar Fort Jesus da Turawan Fotugal suka gina a 1593, a tsallaka kudu zuwa Diani farin rairayi sai wanda ya gani. Shiga Kenya ma ya fi na Tanzaniya sauƙi ga ɗan Najeriya.

Injiniya: Dakta ban ƙi taka ba amma Zanzibar ba rairayi ne kawai ba. Tsohon garin nan Stone Town shi ne abin zuwa. Lunguna ne ƴan matsattsu mota ba ta shiga, sai babur da masu tura kaya, ka ɗaga kai benaye sun kusa haɗewa, ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla wasu da ayoyi a samansu, dattawa zaune kan dakali suna shan gahawa, yara na dawowa daga islamiyya, in ba don yaren ba ka ce cikin tsohon birni kake a arewa. Sarkin Oman ne ya mayar da fadarsa can wajen 1840 saboda cinikin kanumfari da hauren giwa da bayi, kasuwar bayin sai 1873 aka rufe ta aka gina coci a wurin, har yanzu ana shiga da mutane ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu ƙaramin rufi a nuna musu, yaran da suka fara wayo ya kamata su ga wannan. A 1964 aka kifar da sarautar, a shekarar kuma suka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya.

Da magariba a je Forodhani bakin ruwa, masu gashi sun jera tebura da fitilu, kifi, jatan lande, ƙaguwa, wani mai hannaye takwas da ni dai ban iya ci ba, ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami. A tambayi farashi kafin a ɗora maka a faranti, kuma a ce a sake gasawa a gabanka. Sai gonakin kayan ƙamshi, nan ne matan za su ji daɗi, a ɓantaro miki ɓawon bishiya ki shinshina ki ji kirfa ce, ki ga kanumfari a jikin reshe tun yana kore kafin a shanya, masoro yana nannaɗe da wata bishiya. Changuu kuma tafiyar kusan rabin awa ce a kwale-kwale mai inji, an gina kurkuku a wurin amma ba a taɓa zuba fursunoni ba sai aka mai da shi wurin killace masu cuta, kunkuran daga Seychelles aka kawo su a 1919, wasu sun haura shekara ɗari. A tabbatar akwai rigar ruwa ta kowa a kwale-kwalen kafin a hau, in babu a sauka, kar a ji kunyar kowa.

Hajjo: Duk kun yi magana ba wanda ya taɓo ejan. Ƴar uwa ki yi hattara da masu tallan tafiya a Instagram. Wani muka ba kuɗi mu da ƙawayena, hoton da ya turo mana ɗaki ne ƙofarsa na kallon teku, da muka isa sai ga mu a wani gida can cikin unguwa sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ji ƙamshin ruwa, motar da ya ce za ta ɗauke mu a filin jirgi ba ta zo ba, wayarsa a kashe, kuɗin zagayen tsibiri da ya karɓa ashe bai biya kowa ba sai da muka sake biya. Da muka dawo wai mu yi haƙuri abokin hulɗarsa ne ya cuce shi. Ki karɓi sunan otal ki kira su da kanki ki ji ko sunanki na cikin littafinsu, kuma kar ki biya duka a dunƙule.

Maman Hanifa: Innalillahi, sannu Hajjo. To ni wata tambayar ma, mu mata ya ake yi da shiga ruwan? Don ni ba zan iya irin shigar da nake gani a hotuna ba, kuma ba na son Hanifa ta ga abin da ya fi ƙarfin idonta.

Hajjo: Akwai kayan wanka na mata masu rufe jiki duka har da hula, a Wuse ma ana samu, ki saya tun daga nan. Matan garin da kayansu suke shiga. Amma batun ido kam sai dai ki zaɓi wuri, Nungwi da Kendwa nan ne cunkoson Turawa da kiɗa har dare musamman ƙarshen Disamba, in kina son natsuwa ki nemi ɓangaren gabas kamar Jambiani, ko ki fita da sassafe kafin su tashi. Cikin gari kuwa su kansu hukumomin suna ce wa baƙi su rufe kafaɗa da gwiwa.

Injiniya: Sai dai gabas ɗin akwai abin da ya kamata ki sani kar ki ce an cuce ki. Ruwan yana janyewa ya dawo sau biyu a yini. A Paje da Jambiani in ya janye sai ki ga teku ya gudu can nesa, kwale-kwale na zaune kan yashi, matan ƙauyen sun shiga da zannuwansu suna duba gonakin ciyawar ruwa da suke ɗaurawa jikin igiya da turaku, sai bayan wajen awa shida ya dawo. Ni wannan ya fi burge ni fiye da wankan ma, amma yaron da ya zo iyo zai yi ta kuka. Kuma a sa takalmin roba in za a taka wurin don akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi, in ta soki ƙafa hutun ya lalace. A Nungwi da Kendwa janyewar ba ta da yawa shi ya sa suka fi tsada. Daga Maris zuwa Mayu kuma damina ce mai ƙarfi, otal na araha amma ruwan sama zai tsare ku a ɗaki.

Baban Khalil: Ni mamaki nake ba wanda ya ambaci Gana. Ba biza, ƙasar ECOWAS ce, jirgi daga Abuja zuwa Accra bai kai awa biyu ba, ka shiga Nima ka ji Hausa ta ko'ina ka ci tuwo ka yi sallah. Teku ga shi nan, Cape Coast da Elmina ga gidajen da aka tara bayi kafin a loda su a jirgi, Kakum ga gadar igiya a saman bishiyoyi. Namun daji kuma a haura arewa ta Tamale zuwa Mole, can da ƙafa ake shiga da ma'aikaci mai bindiga har ka tsaya kana kallon giwa na wanka a tafki, a kan hanya ga tsohon masallacin Larabanga na ƙasa. Abu ɗaya dai, tekun wannan ɓangaren namu ba irin na Zanzibar ba ne, ruwan ba shi da wannan hasken kuma igiyarsa na da ƙarfi tana ja ta ƙasa, daga Legas har Kwatano har Accra duk haka yake, wanda ya koyi iyo a kududdufin haƙar kuza na Rayfield kar ya ce zai gwada gwaninta.

Ɗan Anguwan Rogo: Baban Khalil da wa kake? 😂 Mu ai a nan muka koya kuma ga mu da rai

Kawu: Da rai saboda addu'ar iyaye. Kududdufan nan sun ci yara ba adadi, ku daina wasa da maganar.

Dakta: Gaskiyar Kawu ce. Tunda an zo nan bari in ƙara, duk inda za a je a tafi da maganin zazzaɓi da na gudawa da gishirin ORS na yara, ruwan roba kawai za a sha, rana a bakin teku tana ƙona mu ma baƙaƙe ba Turawa kaɗai ba, a sa wa yara hula. A daji kuma a guji baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu don ƙudan tsando na bin su, cizonsa kuwa har ta cikin riga.

Amaryar Kubwa: A ƙara da yaji da kilishi da garin kwaki, don abincin otal kwana biyu ya ishe ka, komai da madarar kwakwa

Hajjo: Kilishi kam a yi hankali, wasu filayen jirgin ƙwacewa suke in sun gani, nama ne. Yaji dai ba ruwan kowa.

Maman Hanifa: Kai jama'a na gode Allah ya bar zumunci. Na tura wa Baban Hanifa duka ya karanta, da ya kai kan dala 200 ɗin nan shiru ya yi sai ya turo min alamar kuka. Yanzu dai abin da muka tsayar, tunda Disamba ta matso kuma bizar Tanzaniya ba tabbas ta fito a kan lokaci, za mu je Jos hutun mu gaida su Hajiya, in ciyawa ta bushe mu gangara Yankari, teku kuma ban haƙura ba zan tambayi kuɗin jirgin Accra da na Mombasa in kwatanta, in ya so a yi shi da dogon hutu.

Ɗan Anguwan Rogo: Yauwa Yaya. In kun ƙara kwana ɗaya ma ku leƙa Sumu ta hanyar Ningi, can ne aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006, su kam ba wuyar gani. Amma ku kira masauki ku kama ɗaki tun yanzu don ƙarshen shekara cika yake, ku cika tanki a Bauchi, ku riƙe tsabar kuɗi don sabis sai a hankali a ciki, kuma tafiyar rana kawai, Hawan Kibo ma kar dare ya same ku. Ni da za a samu mutane sai mu haɗa ayari ɗaya mu tafi tare, motata na ɗaukar bakwai.

Auta: Ni na ɗaya a layi

Amaryar Kubwa: A rubuta mu biyu, ina da sauran magana da birin nan

Kawu: In za ku biyo ta Terminus ku ɗauke ni, likita ya ce ruwan ɗumi na taimakon gwiwa. Amma gaba zan zauna.

Baban Khalil: Kawu ashe kai ma 😂 to wa zai zo da kula, tawa murfin ya fashe tun bikin sallah

Hajjo: Ina da babba amma tana Dutse Alhaji wajen ƙanwata, sai dai wani ya biya ya ɗauko kafin ranar.